Da Lallen Inna Ya Koɗe

Sai da na shekara goma sha ɗaya a duniya kafin in ga ainihin launin hannun mahaifiyata. Kullum a cikin lalle yake, rani da damina, da biki ko ba biki. Matan ƙauyenmu, can gefen Roni, har tsiya suke mata, wai ita ce amaryar da ba a gama kai ta ɗaki ba. Takan yi dariya ta ce maigidanta ne ke so. Gaskiya ta faɗa, sai dai ba duka ta faɗa ba.

Babanmu fataucin kanwa yake yi da jakai biyu. Yakan ci kasuwar Babura, wani lokaci ya tsallaka iyaka ya yi kwanaki. In ya dawo, yana iya mantawa da alewata, kuma ya sha mantawa, amma bai taɓa mantawa da ƙullin garin lalle ba. Zai miƙa mata ba tare da ya ce komai ba, ita ma ta karɓa ta kai ɗaki. Duk bayan 'yan kwanaki sai ta kwaɓa, ta zura hannu a zunguru, wato doguwar ƙwaryar nan da mata ke cusa hannu a ciki don lalle ya kama har wuyan hannu. Yau na dama, gobe na hagu, don kada aiki ya tsaya. Ni a lokacin haushi ma abin yake ba ni. Ina ganin mace mai furfura a gefen kai ba ta da abin yi da wannan ƙwalisa.

Fura ce sana'arta. Ita ke surfe, ita ke wanke gero, ta daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, ta cura, ta dafa, ta mayar turmi ta kirɓa, sannan ta sake curawa ta birkiɗa a gari. Kafin hantsi ya ɗaga matan Fulani sun zo da ƙoren nononsu sun kwashe. Ni ce autarta, kuma ni kaɗai na rayu cikin 'ya'ya biyar, saboda haka ba ta jin kunyata irin yadda ake jin kunyar ɗan fari. Kullum in ta gama kirɓi, kafin kowa ya taɓa, sai ta gutsuro mai ɗumi daga bakin turmi ta kira ni in buɗe baki. Wai ni ce mai ɗanɗana mata yaji. Nakan yamutsa fuska in ce barkono ya yi yawa, ta ce bakina ne ya yi yawa. Haka muke yi kowace safiya kafin in tafi elementare, har da ranar da aka raba mana 'yan tutoci aka ce ƙasa ta samu 'yancin kai.

A daminar da ta biyo baya ruwa ya doke Baba a hanya. Ya iso gida da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari, kwanansa shida a kwance ya cika. Ranar da aka fita da shi na ga Inna zaune a ƙofar ɗaki tana juya hannayenta tana kallo, ciki da baya. Na ɗauka baƙin ciki ne ya sa ta rasa inda za ta ajiye ido.

Ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba turare, ba kitson ado, ba lalle. Kowa ya san wannan, ba wanda ya ga wani abu a ciki sai ita. Lallen nan da ya shekara goma bai bar hannunta ba ya fara koɗewa. Daga ja mai duhu ya koma ruwan goro, daga nan ya koma kamar ɓawon albasa. Ta riƙa karɓar gaisuwa da hannu a cikin mayafi. Furar ma ta dakatar, aka ce ai mai takaba ce, a bar ta ta huta.

Gidan namu a hannun Gwaggo yake, yayar Baba, wadda ta dawo gidan iyayenta tun da nata mijin ya rasu. Da ranar sadakar arba'in ta zo, Gwaggo ta ce ba mai cura gumbar sadaka sai Inna, don duk ƙauyen ba mai hannunta. Inna ta ce kanta na ciwo. Gwaggo ta ce curin gumba ba da kai ake yi ba. Inna ta sake kawo wani uzurin, Gwaggo ta ce to sadakar mijin wa ake yi? Daga ƙarshe ta ɗauki ƙwaryar ta koma lungu, ta juya wa tsakar gida baya, ta fara curi da sauri. Ina gefenta ina jerawa a faifai. Ni na fara gani. Gaɓoɓin yatsunta da kewayen farce duk sun yi fari fat kamar cikin rogo, wani farin kuma ya hau bayan hannun dama. Na ɗauka garin gero ne. Ina shirin kaɗe mata sai ga Gwaggo ta zo ɗaukar faifai.

Ta tsaya a kanmu, ta daɗe ba ta sunkuya ba.

"Mene ne wannan a hannunki?"

Inna ta ja hannun cikin mayafi. Gwaggo ta sake tambaya.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan haihuwar auta, Yaya. Ɗan'uwanki ya sani."

Gwaggo ta yi salati a hankali, ta ce albaras. A wurinmu a lokacin, albaras farar kuturta ce, ba wanda ke raba su. Gumbar nan duka a bayan danga aka zubar wa awaki, aka aika maƙwabta suka dako wata. Daga baya ma Gwaggo ta dawo tana damuwa ko awakin za su ɗauka.

Na daɗe ina jin haushin Gwaggo, amma yanzu da na kai shekarunta ba zan ce muguwa ba ce. Tana yarinya ta ga yadda yatsun kawunta suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, wannan tsoron kuma bai taɓa barin ta ba. Ba ta kori Inna ba, ba ta ɗaga mata murya ba. Ƙusa kawai ta sa a wuta, ta yi wa akushi ɗaya da moɗa ɗaya da ludayi ɗaya alama, ta ce waɗannan na Inna ne. Ta ce girkin gida ya dawo hannunta. Tuwon da muke ci mu uku a kwano ɗaya ya zama na mu biyu, Inna kuma a kai mata nata ƙofar ɗaki.

Magana ta zaga ƙauye kafin la'asar ɗin ranar. A bakin rijiya 'yan mata suka daina karɓar gugana. Wata ta tambaye ni ko da gaske ne a baki uwata ke ba ni fura. Wata ta ce in duba leɓena a madubi, ta nan yake farawa. Na dawo gida na shige ɗakin Gwaggo na ɗauki madubinta ina duba baki ciki da waje.

Bayan kamar mako biyu Inna ta ce zaman banza zai kashe ta, ta surfa gero mudu ɗaya ta yi fura. Ba ta sayarwa ba ce, ta gida ce. Na ji ƙarar kirɓi, na ji ƙamshin citta, cikina har ya yi ƙugi, don rabona da furarta tun Baba na da rai. Ta gutsuro daga bakin turmi kamar yadda ta saba, ta miƙo.

"Auta, zo ki ji mini yaji."

Na kalli furar, na kalli yatsun da ke riƙe da ita.

"Na ƙoshi, Inna."

Da sassafe ne, ko ruwa ban sha ba, kuma ta sani. Hannunta ya ɗan tsaya a sama, sannan ta mayar da shi. Ta ce to, ba komai. Ba ta ci gutsuren ba, ba ta kuma mayar da shi turmi ba, ta ajiye shi a kan murfin tukunya. Ba a jima ba ta gan ni a ƙofar Gwaggo ina shan ɗumamen tuwo har ina siɗe kwano. Daga wannan safiya ba ta sake miƙo mini wani abin ci da hannunta ba. In za ta ba ni ko da gyaɗa ce, sai ta zuba a faifai ta turo da gefen ƙafa ko da sanda. Ina jin nauyin wannan safiyar har yau, kuma babu shekarar da ya ragu.

Da ta fita takaba aka shiga neman magani. Aka hana ta nono da kifi da naman akuya, ita da ta rayu cikin nono. Aka yi mata rubutu, ta sha. Wanzami ya yi mata tsaga a bayan hannu ya zuƙe jini da ƙaho, wai mataccen jini ne ya taru. Aka jiƙa sassaƙe iri-iri, wani na sha, wani na wanka. Wani tsoho daga wajen Gwiwa, wanda aka ce ya gaji maganin fata, ya ba da wani ƙulli a kwaɓa da ruwan tinya, tsiron nan mai farin ruwa mai ƙuna, a shafa. Wannan ya ƙone mata ɗan yatsa, ya yi gyambo, da ya warke kuma wurin ya fi da fari. Matan Fulani ba su dawo ba. Guda ɗaya ce ta leƙo ta yi gaisuwa daga bakin zaure, ta ce shanunsu za su tashi shi ya sa. Har bayan shekara uku rugarsu na nan inda take.

Lalle kuwa, ko da ya halatta mata, ba ta sake kwaɓawa ba. Na taɓa jin maƙwabciyarmu ta ba ta shawarar ta koma ƙunshi ko mutane za su manta. Inna ta ce wa ya rage da za ta ɓoye wa, kuma mai sayo lallen ya tafi. Zungurun ya zauna a rataye har gara ta ci shi.

A waɗancan shekarun akwai wani malamin asibiti da ke zuwa daga Kazaure a kan keke, mako-mako, ya zauna ƙarƙashin wata tsamiya a Roni yana raba wa kutare ƙwayar magani. Kirista ne daga wajen Jos, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Inna ta ce in dai kuturta ce, to a ba ta maganin kutare. Ni na raka ta, ina tafe a baya-baya. Muka shiga layi tare da mutanen da ba yatsu, da masu ƙafa a naɗe da tsumma.

Da layi ya zo kanta ya kama hannunta ya juya shi a rana. Ya matsa wata jijiya a gwiwar hannunta, ya tambaye ta ko da zafi, ta ce babu. Sai ya ciro ɗan ɓurɓushin auduga ya murza bakinsa ya yi tsini, ya ce ta rufe ido, duk inda ta ji an taɓa ta nuna da yatsa. Ya taɓa farin wurin, ta nuna. Ya taɓa wani, ta nuna. Ya ɗaga audugar bai taɓa ba, ba ta nuna ba. Sau wajen goma yana yi ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ya ce ta buɗe ido. Ya gaya mata fatar kuturu ba ta jin auduga, wani lokaci ko wuta ba ta ji, ita kuwa fatarta lafiya lau take, launi ne kawai ya gudu. Ya ce ba a ɗauka, ko a kwano ko a tabarma, kuma yatsunta ba inda za su.

Na zaci za ta yi murna. Sai ta tambaye shi maganin fa? Ya ce ƙwayar da ke hannunsa ba ta wannan ciwon ba ce, kuma shi bai san maganinsa ba. Inna ta durƙusa tana roƙonsa ya ba ta ko guda ɗaya. A ganinta ciwon da ake ba wa magani ya fi wanda aka ce babu komai amma ba wanda zai ci abincinka. Ya ƙi, kuma daidai ya yi. Muka juyo hannu wofi.

Abin da ba mu lissafa ba, ranar kasuwa ce. Rabin ƙauyenmu sun gan ta a layin kutare. Ba wanda ya ji abin da malamin ya ce sai ni da ita. Na maimaita wa Gwaggo kalma-kalma, ta ce in ba kuturta ba ce me ya kai ta gindin tsamiya, kuma yaushe auduga ta zama likita. Zuwan da muka yi don a wanke ta shi ya ƙara tabbatar wa mutane da abin da suke zato.

Ni dai na ji da kunnena, na kuma yarda. Da yamma na je na zauna kusa da akushinta na ce zan ci tare da ita. Ta janye shi ta ce in je wurin Gwaggona, ita ta ƙoshi ma, rufewa za ta yi. Ba da faɗa ta faɗa ba. Na tashi, kuma in faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata ya ji sauƙi da ta hana.

Da aka zo neman 'yan matan da za a kai makarantar kwana, iyaye suna ɓoye nasu, Gwaggo da kanta ta kai sunana wurin dagaci. Ta ce gara in yi nisa da gidan. Na tafi ina kukan ƙarya, don a raina murna nake yi zan je inda ba wanda ya san hannun uwata. Inna ta koma saƙar faifai da igiya, abin da ba a ci. Su ma wata yarinyar maƙwabta ke kai mata kasuwa a ce na uwar yarinyar ne.

Shekaru suka tafi. Gwaggo ta rasu, na zama malamar firamare a Kazaure, na auri wani malamin gona. Farin ya ƙaru a jikin Inna, ya fito gefen bakinta da kewayen ido ɗaya. Ita kaɗai ce a gidan yanzu, ba mai hana ta komai, amma in na je hutu sai in tarar da akushin nan mai alamar ƙusa shi take ci a ciki, ni kuma ta ce in girka nawa da kaina.

Lokacin da kuɗin mai ya shigo aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya ruɗe. Wasu suka sayi babur, wasu rediyo mai kaset. Ni na sayi agogon hannu, ina ta ɗaga hannu a aji ko ba wanda ya tambayi lokaci. Da sauran kuɗin na ɗauki Inna a mota zuwa Kano, wani babban asibiti inda aka ce akwai likitan fata. Ina da cikin fari wata biyar a lokacin.

Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, ni na yi tafinta. Ya riƙe hannayenta biyu a cikin nasa yana magana, ita kuma sai ƙoƙarin zamewa take yi, wai kada ta shafa masa. Ya ce jikin mutum yana da masu tsaronsa da ke yaƙar cuta, to wani lokaci sukan ruɗe su juya kan abin da ke ba fata launi, shi ke nan ciwon. Ba daga nono ba ne, ba daga kifi ba, ba kuma laifin kowa ba ne. Ya ce hanya uku ce. Akwai man shafawa, ya fi aiki a fuska. Akwai wani ruwan magani da ake ɗigawa a farin wurin sannan a nuna wa rana, shi ke taso da launi. Akwai kuma a bar shi haka, a dai riƙa kare shi daga zafin rana, don ba ya kisa ba ya nakasa. Ya ƙara da cewa launi daga gindin gashi yake dawowa, yatsu kuwa ba su da gashin kirki, saboda haka kada mu sa rai sosai a kansu.

Wannan na ƙarshen ban fassara mata ba. Na ga yadda ta tsare bakinsa da ido, na kasa. Ta ce a ba ta na hannun.

Ya ja mini kunne sosai a kan ruwan maganin. Minti ɗaya a rana a farko, bayan kwanaki a kai biyu, ba kullum ba, sannan a wanke da sabulu a rufe hannun har yamma. Ya ce in aka wuce haka zai ƙone ta. Muka koma ƙauye, na zauna da ita mako guda. Nakan shafa mata, mu fita tsakar gida, ina duba agogona, in ce ya isa. Kullum sai ta ce wannan ai ko ɗumi hannun bai yi ba. Da hutuna ya ƙare na ce mata ta riƙa yin ɗan lokaci kaɗan kamar yadda muke yi. Na koma Kazaure da agogona a hannu. Matar da ba ta taɓa auna lokaci da wani abu ba sai inuwa da kiran salla, na bar ta da kwalba da kalmar kaɗan. Da na ce mata ta ja carbi zagaye ɗaya ta tashi, da ta gane. Da na ciro agogon na bar mata, na nuna mata tsinken da ke gudu, da ta koya. Duk wannan sai daga baya ya zo mini.

Ita ma tana da nata lissafin. A al'ada haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ce ke dama wa mai jego kunun kanwa, ita ke gasa mata nama, ita ke wanke jariri. Inna ta ƙirga watanni ta ga saura kaɗan, yatsu kuma ba su canza ba. A fuska man ya fara aiki, 'yan ɗigo-ɗigon baƙi sun fito gefen bakinta kamar an watsa gero, wannan ya ƙara mata ƙarfin gwiwa. Ta ce a ranta in rana kaɗan tana magani, rana da yawa za ta fi sauri. Akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse a bayan gidanmu inda mata ke shanya. Ta shafa maganin har wuyan hannu, ta hau dutsen nan da hantsi, ta ɗora hannaye a gwiwa, ba ta sauko ba sai da aka kira azahar.

Kwana biyu bayan haka aka aiko mini. Na tarar da hannayenta sun kumbura, sun yi bororo manya-manya cike da ruwa kamar wadda ta faɗa tafasasshen mai. Ba ta iya ko ɗaura zani. Abin da ta fara ce mini shi ne kada in yi mata faɗa. Ban yi ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ita ke ba ni haƙuri.

Aka kai ta asibitin Kazaure aka yi ta wanki da naɗi. Na haihu hannayenta na cikin bandeji. Ƙanwar mijina ce ta dama kunun, ita ta yi wankan jaririya. Ranar suna Inna na zaune a gefe, aka ɗora mata yarinyar a cinya ta kalla, ba ta iya ɗauka ba. Da ƙunar ta warke, yatsun suna nan fari yadda suke, sai tabo da ya ƙaru. Ta ce a mayar wa likita kwalbarsa, ta gode. Man fuskar ma ta daina. Daga nan na ɗauko ta ta dawo gidana da zama, ta zo da akushinta.

Wata rana, yarinyar ta fara tafiya, Inna na cin tuwo a ƙofar ɗakinta. 'Yar tawa ta tako ta dafa gwiwarta, ta cafke yatsan kakarta da miya a jiki ta sa a baki tana tsotsa. Inna ta sandare. Ba yarinyar ta kalla ba, ni ta ɗago ta kalla, irin kallon wanda aka kama da kayan da ba nasa ba. Uwata ce ke neman izinina. Na ce, "Bar ta, Inna, ki ba ta tuwon." Ta gutsuro loma ƙarama ta sa mata a baki. Tun daga ranar su biyun kwano ɗaya suke ci, har yarinyar ta shiga makaranta.

Ni kuwa ban samu shiga ba. Na gwada da wasa, na gwada da roƙo. In na kawo hannu sai ta ce wannan nata ne da ƙawarta, wato jikar, ko ta ce ta ƙoshi ta ture mini akushin gaba ɗaya ta tashi. Ban taɓa ce mata ta yafe mini maganar bakin turmi ba. A gidajenmu ba a saba irin wannan magana tsakanin 'ya da uwa ba, kuma ina tsoron in tayar ta ce ba ta tuna ba, alhali na san ta tuna.

Ciwon ajalinta ba shi da alaƙa da fata. Ƙafafu ne suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ta daina cin komai sai ɗan ruwan kunu. Wata safiya na aika aka sayo fura a bakin kasuwa, ko za ta iya shan kaɗan. Na zauna a gefen tabarmarta zan dama, sai na fasa. Na ɗauki curi ɗaya na sa mata a tafin hannu, na naɗe yatsunta a kai.

"Inna, gutsuro mini in ji yaji."

Ta buɗe ido ta dube ni.

"Ai kin ce kin ƙoshi."

"Yunwa nake ji, Inna. Tun ranar nake jin ta."

Ta motsa babban yatsa a kan furar. Ta kasuwa ce, ta kwana, ta yi tauri, ita kuma ba ƙarfi. Ta yi ta murzawa har ɗan gutsure ya ɓalle, bai fi ƙwayar wake ba. Ta yi ƙoƙarin ɗago hannun, bai tashi daga tabarma ba. Na sunkuya na kai bakina tafin hannunta na ɗauka.

Ta tambaye ni yaya. Na ce barkono ya yi yawa. Leɓenta ya motsa, na jira ta ce bakina ne ya yi yawa, amma numfashin bai kai ba. Furar ko yaji babu a cikinta, gero ne kawai da tsami. Bayan kwana uku ta rasu, ni na wanke hannayen.